Ekstenshan ya narke a shagona: wuta ce ta yi ƙasa ko kaya ne suka yi yawa?

Tela_Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, daga Aboabo a Kumasi. Daren jiya wajen ƙarfe tara muna cikin aikin kayan Sallah sai muka ji ƙaurin roba. Ko da muka leƙa ƙarƙashin tebur, ekstenshan ya narke, rami ɗaya ya yi baƙi ƙirin, wayar kuma ta yi laushi ba ta taɓuwa don zafi. Allah ne ya kiyaye, domin yaduddukan mutane ne jibge a kan teburin. Abin da ke jone a jiki uku ne: dutsen guga, butar lantarki da yara ke dafa shayi, sai fanka.

Da safe na kira mai gyaran wuta, ya ce laifin lo karent ne, wai in wuta ta yi ƙasa kaya sukan ja amfiya, wato yawan wutar da ke bi ta waya, da yawa don su cike gurbi, shi ya sa waya ke ƙonewa. Ya ce in sayi sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta. Ɗana da ke sakandare yana tsaye, bayan mutumin ya tafi ya ce mini ba haka aka koya musu ba, in bolt, wato ƙarfin da ke tura wutar, ya ragu amfiya ma raguwa yake yi. Ban so in ƙaryata babba saboda maganar yaro, amma kuɗin sitabilaiza ba kaɗan ba ne a wannan lokaci. Masu sani, wa ya faɗi daidai?

HajiyarSawaba:
Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da abin ya tsaya nan, Allah ya ƙara tsarewa. Ni dai mai gyaran nan nake bi. Bara lo karent ya kashe mini firiza cike da kifi da kaji, ba wani abu da aka ƙara jonawa. Ka sayi sitabilaizan ka huta.

Malamin_Kimiyya:
Malam Tela, sannu da arziki. Kafin a yanke hukunci, ɗaga butar ka duba gindinta, ka duba jikin dutsen gugar, ka kwafo mana lambobin da ke rubuce yadda suke. Da su za a yi lissafi.

Tela_Aboabo:
To Malam. Butar an rubuta 2200 da harafin W. Dutsen guga 1200, bolt 230. Fanka 60.

Ɗan_Akwatia_Line:
Ai shi ke nan, lissafin ya fito. W ɗin nan wat ne, wato cin wutar kaya, kuma daidai yake da bolt sau amfiya. Wutar Ghana bolt 230 ce. Ka raba 2200 da 230, buta na jan amfiya 9.6. Ka raba 1200 da 230, guga na jan 5.2. Yanzu in wuta ta sauka zuwa 190, raba 2200 da 190, ka ga ya koma 11.6. Ya hau ko bai hau ba? Mai gyara ya yi gaskiya, yaro ya koma aji.

Malamin_Kimiyya:
Ɗan_Akwatia_Line, rabin farko na lissafinka ya yi kyau, amma a rabi na biyu ka ɗauka cewa wat 2200 ɗin nan yana nan daram ko wuta ta hau ko ta sauka. Buta ba ta da wayon da za ta ce lallai sai na ci 2200. A cikinta zaren ƙarfe ne kawai mai ɗaukar zafi, kuma abin da ba ya canzawa a jikinsa shi ne turjiyarsa, wato yadda yake tare wa wuta hanya, ana auna ta da om. Wani Bajamushe, Georg Ohm, shi ya fitar da ƙa'idar a 1827: bolt daidai yake da amfiya sau om. Saboda haka in kana son amfiya, ka raba bolt da om. Om bai motsa ba, bolt ya ragu, dole amfiya ya ragu.

Malam Tela, don Allah sake duba butar. Galibi ba lamba ɗaya ake rubutawa ba.

Tela_Aboabo:
Ka yi gaskiya Malam, na sa tabarau na sake dubawa. An rubuta 220–240 a wajen bolt, sannan 1850–2200 a wajen wat.

Malamin_Kimiyya:
Madalla, to amsar tana gindin butarka tun ranar da ka saye ta. Masu ƙerawa da kansu suna gaya maka cewa a bolt 220 wat 1850 take ci, a bolt 240 kuma 2200. Wuta ta yi ƙasa, ci ya yi ƙasa.

Mu gwada mu gani ko turjiyar ɗaya ce. Raba 1850 da 220, amfiya 8.4. Raba 220 da 8.4, om 26.2. Yanzu ɗaya ɓangaren: raba 2200 da 240, amfiya 9.17. Raba 240 da 9.17, om 26.2 ne dai. Ka ga lamba ɗaya ta fito ta hanya biyu. Mai son gajeriyar hanya sai ya ninka bolt da kansa ya raba da wat: 220 sau 220 ya ba da 48,400, a raba da 1850, ga 26.2.

Da wannan om ɗin za ka san halin butar a kowace irin wuta. A bolt 230 tana jan amfiya 8.8, wat kusan 2020. A bolt 190 da Ɗan_Akwatia_Line ya kawo, amfiya 7.25, wat kusan 1380. Dutsen guga kuwa om 44 ne, a 230 yana jan 5.2, a 190 ya koma 4.3. Yaronka ya yi daidai a kan waɗannan kaya biyu, ka sa masa albarka.

Ɗan_Akwatia_Line:
Na karɓa Malam. Lambar jikin kaya ce ta ruɗe ni.

MastaWaya_Alabar:
Shekarata talatin da wani abu ina aikin wuta a garin nan, tun ina yaron shago. Ban yi musu da lissafin Malam ba, ni ban yi karatun da ya yi ba. Amma abin da idona ya gani ba zan fasa faɗa ba: duk kiran da ake mini na ƙonewar waya, tsakanin Magariba ne da ƙarfe goma, daidai lokacin da ƙwai ke yin ja-ja. Da rana tsaka wuta na da ƙarfi ba a kirana. In lo karent ba ya ƙona waya, me ya sa kullum tare suke zuwa? Kar ku raina mai gyaran nan, abin da muka taso muka ji ke nan wajen iyayen gidanmu.

Firij_Dokta_Tafo:
Masta, ba wanda zai raina shi, domin maganarsa gaskiya ce, wurin da ya ɗora ta ne bai dace ba. A aikina haka abin yake sak. Kwamfuresa na firij inji ne mai juyi, yana tura gas, kuma nauyin da yake turawa bai san wuta ta ragu ba. In bolt ya sauka, injin yana nishi, gudunsa ya ragu, sai ya ƙara jan amfiya, waya ta cikinsa ta ɗau zafi. Mafi muni shi ne lokacin tashi. Ko da wuta lafiya, inji na jan ninki da yawa na amfiyarsa a daƙiƙar farko. In wuta ba ta kai ba sai ya kasa tashi, ya tsaya yana gurnani yana jan wannan babban amfiya har na'urar kariya ta yanke shi, ka ji ƙas, bayan ɗan lokaci ya sake gwadawa. A yi haka dare guda, da safe a kira ni. Abin da ya sami firizar Hajiya ke nan. Haka famfon rijiyar burtsatse, haka na'urar sanyaya ɗaki.

Buta da dutsen guga ba su da juyi, ba abin da suke turawa. Su in wuta ta yi ƙasa sanyin jiki kawai suke yi.

HajiyarSawaba:
Wallahi wannan ƙas ɗin na ji shi daren nan, na zaci ƙanƙara ce ke fashewa. To ni me zan saya kar a sake?

Firij_Dokta_Tafo:
Hajiya, ko ba ki kai ga sitabilaiza ba, ki sa firij gad. Yana yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama fiye da kima, kuma in an ɗauke an dawo yana jinkirta 'yan mintuna kafin ya saki. Tun zamanin dumso, yawan ɗauke wutar nan na 2015, na daina barin firijin kwastoma ba shi.

Dalibin_Tek:
Salam. Baba MastaWaya, tambayarka ta fi kowacce nauyi a wurina, bari in gwada. Ƙarfe bakwai na dare kowa ya dawo gida, an kunna talabijin, an jona hita, an jona tukunyar shinkafa, masu shago kamar Baba Tela suna kan aiki. Amfiyar da unguwa ke ja daga taransifoma ta yi yawa, kuma wayoyin kan fol su ma suna da tasu turjiya, sai wani kaso na bolt ya zube a hanya kafin ya iso. Shi ne ƙwai ke ja. A daidai wannan lokaci ne kuma kowane gida ya cika soket ɗinsa da kaya. Yawan kaya ne ya jawo faɗuwar wuta, shi ne kuma ya jawo zafin waya. Uwa ɗaya ta haife su, shi ya sa kake ganinsu tare.

Sunan ma yana ɓatar da mu. Muna cewa lo karent, alhali abin da ya yi ƙasa bolt ne.

MastaWaya_Alabar:
Yaro, maganarka ta shiga. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. Ruwan da zai tafasa a minti huɗu in wuta ta yi ƙasa sai ya kai shida, waya na ɗauke da kaya duk tsawon lokacin. Wannan ba ya cikin lissafinku?

Malamin_Kimiyya:
Yana ciki Masta, kuma ka ƙiyasta daidai. Lita ɗaya da rabi a wat 2020 bai cika minti huɗu ba, a wat 1380 minti biyar da rabi ne. Sai dai zafin da waya ke yi a kowace daƙiƙa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, domin zafin waya amfiya ne sau amfiya sau om. Ta daɗe, amma ba ta kai zafin da za ta kai da cikakkiyar wuta ba.

Mu koma kan ekstenshan ɗin, don shi ne ya narke. Haɗa 8.8 da 5.2, amfiya 14, fanka ta ƙara ɗan abin da bai kai rabi ba. Ko a bolt 190 ɗin, 7.25 da 4.3 sun haura 11 da rabi. Malam Tela, juya ekstenshan ɗin ka gani ko an rubuta iyakarsa.

Tela_Aboabo:
An rubuta 10 da harafin A a bayansa. Na kuma yanka wayar da almakashi don in gani. Robar tana da kauri, amma zaren ciki bai fi tsinken tsintsiya ba. Da na kankare shi da reza sai jan ya tafi, fari ya fito.

MastaWaya_Alabar:
Inna lillahi. Wannan ba jan ƙarfe ba ne, alminiyam ne aka yi wa wanka. Sun cika kasuwa. Ka ɗaga ka ji ba nauyi, in ka murɗa zaren sau biyu ya karye. Wannan ko 10 ɗin da suka rubuta ba zai ɗauka ba. A nan kam ba sai an yi lissafi ba.

Dalibin_Tek:
Baba, bari dai a yi, don masu karatu su ga girman abin. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1, tsawon mita 1, turjiyarta kusan om 0.0175 ce. Mu ce wayar Baba Tela 0.75 ce, tsawonta mita 5. Wuta na zuwa ta koma, ke nan mita 10. Ninka 0.0175 da 10 ka raba da 0.75, om 0.23. Ƙaramar lamba ce a ido. Amma 14 sau 14 ya ba da 196, sau 0.23, wat 45 ke nan na zafi a cikin roba. Da amfiya 7 ne, wat 11 kawai. Ka ninka kaya sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. In alminiyam ne kuma ka ƙara kusan kashi 60 cikin 100 a kai, ya wuce wat 70. Wayar 0.75 ta gaske ma amfiya 6 aka yarda mata.

Anti_Mai_Kitso:
Ni ban gane ko ɗaya a lambobin nan ba, amma diraya biyu nake jonawa a ekstenshan ɗaya, kuma wayar a naɗe take a bayan kujera don kar yara su yi tuntuɓe. Akwai matsala?

MastaWaya_Alabar:
Akwai, 'yata. Warware ta yau ɗin nan, naɗaɗɗiyar waya ba ta shan iska, zafi taruwa yake a tsakiya. Kowace diraya ta samu soket nata a bango. In kin taɓa fulogi kin ji ya fi ɗumi, kashe ki kira mai gyara.

Lantarkin_Mota_Suame:
Ku ba ni dama in sa baki daga Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Suame. Mu da bolt 12 muke aiki, kuma wannan lissafin shi ne abincinmu. Ƙwan fitilar gaba wat 55, raba da 12, amfiya 4.6. Ku lura, ƙwai ɗaya na mota yana jan kusan abin da dutsen gugar Malam Tela ke ja, alhali wat ɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na gugar ba. Waya ba ruwanta da wat, amfiya take ji. Shi ya sa wayar sitata take da kaurin ɗan yatsa. Direbobi sukan zo sun ƙara fitilu huɗu a kan siririyar waya, fiyus ya ƙone, su cire su sa babba, ko su naɗa takardar sigari. Daga nan sai hayaƙi a ƙarƙashin sitiyari.

Abin da nake son ƙarawa kan ramin da ya yi baƙi: Malam Tela ya ce rami ɗaya ne. Wannan alamar sako-sako ce. In ƙarfen ciki ya buɗe bai kama ƙafar fulogi da kyau ba, wurin haɗuwar kansa ya zama turjiya. Ko rabin om ne, a amfiya 9 ka sami 81 sau rabi, wat 40 a wurin da bai fi ƙwayar wake ba. Ƙarfen da nake narkar da dalma da shi wat 40 ne.

Tela_Aboabo:
Ramin butar ne kuwa. Tun watan jiya sai an ɗan karkata fulogin kafin ta kama, wani lokaci har da ƙara tsit-tsit.

Baƙo_daga_Nima:
Gaisuwa daga Accra. Tambayata ita ce ina fiyus? Fulogin nan mai ƙafa uku irin na Ingila da muke amfani da shi ai da fiyus na amfiya 13 a ciki. Me ya hana shi yankewa?

MastaWaya_Alabar:
Na farko, yawancin masu arhar nan fuloginsu a dunƙule yake, ba fiyus ba wurin sa shi. Na biyu, ko akwai, fiyus na 13 ba ya yankewa don an kai 14. Yana iya riƙe abin da ya fi haka na dogon lokaci, sai an zarce sosai yake tsinkewa nan take. Birekar gida kuma tana tsaron wayar bango ne, wadda galibi kaurinta milimita murabba'i 2.5 ne. Ita amfiya 14 ba komai ba ne a wurinta, ba za ta faɗi ba ko ekstenshan na ci da wuta.

Ɗan_Akwatia_Line:
Na samo mitar gwaji wajen maƙwabcina don in tabbatar da kaina. Na cire butarmu daga wuta na auna ƙafafun fulogi, om 27 ya nuna, ya yi kusa da na Malam. Amma na sami tsohon ƙwai mai zare na wat 60 a akwatin kakata. Lissafi ya ce 230 sau 230 a raba da 60, om 880. Mita ta nuna sittin da 'yan kai. Ko mitar ce ta lalace?

Malamin_Kimiyya:
Mitar lafiyarta ƙalau, kuma na ji daɗi da ka gwada da hannunka. Zaren ƙwan nan idan yana haske zafinsa ya haura digiri 2000, kuma turjiyar ƙarfe tana hawa da zafi. A sanyi sittin da wani abu, a cikin aiki 880. Shi ya sa irin ƙwan nan yawanci a lokacin kunnawa yake mutuwa, domin a ƙiftawar farko yana jan fiye da ninki goma na abin da ya saba. Zaren buta da na guga wani haɗin ƙarfe ne da turjiyarsa ba ta cika motsawa da zafi ba, shi ya sa awonka ya yi daidai a can. Rabon da in ga irin ƙwan nan a kasuwa an daɗe, tun bayan da gwamnati ta raba ƙwayaye masu tsimin wuta miliyan 6 a 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo mai ba da wuta ya ja baya.

Gargaɗi ga duk mai son kwaikwayonka: ba a auna om a kan abin da ke jone da wuta. Kuma kar wanda ya juya mita zuwa amfiya ya cusa tsinkayenta a ramukan soket, wannan haɗa waya biyu ne kai tsaye, mita za ta fashe a hannu. Amfiya da mita mai baki kamar ƙaguwa ake aunawa, a kama waya ɗaya tak. Wanda bai saba ba ya bar wa masu aikin.

Sola_Asokore:
Ƙari kan maganar ɗan'uwa na Suame. Masu sa inbata, mai mayar da wutar batir ta zama ta gida, suna faɗawa wannan rami. Kaya na wat 1000 a ɓangaren 230 amfiya 4.3 ne, amma a ɓangaren batir mai bolt 12 ya haura 83, da asarar inbata ya doshi 90 ko fiye. Sai ka ga an haɗa batir da ragowar wayar soket. Dalilin da ya sa manyan layukan GRIDCo, kamfanin jigilar wuta na ƙasa, da ke kawo wuta Kumasi suke a bolt 161,000 ko sama da haka ke nan, a ɗaga bolt don amfiya ya yi ƙasa, asarar hanya ta ragu. Kuma cajar waya da kwamfuta da talabijin na zamani suna ɓangaren mai gyaran Malam Tela: an rubuta musu 100 zuwa 240, suna riƙe wat ɗinsu, in bolt ya sauka su ƙara jan amfiya. Sai dai cinsu kaɗan ne, ba su ke narka waya ba.

Ummu_Zainab_Asawase:
Ku yi haƙuri in karkata kaɗan. Wannan wat ɗin shi ne abin da mitar kati ke cirewa? Kiredit ɗina ba ya kai ƙarshen wata.

Dalibin_Tek:
Anti, mita na ƙirga wat sau awa ne. Wat 1000 na awa ɗaya shi ne yunit ɗaya. Fanka mai wat 60 sai ta yi awa goma sha shida da wani abu kafin ta ci yunit. Dutsen guga mai 1200 cikin minti hamsin ya cinye, in bai yanke ba, ko da yake yana yankewa da kansa in ya yi zafi ya sake kamawa. Ki duba duk abin da ke yin zafi a gidan, hita, buta, murhun lantarki, da tsohuwar firiza in akwai. Can kuɗin yake tafiya, ba wajen cajin waya ba.

Tela_Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma ku dawo da ni kan tambayata. Sitabilaiza: in saya ko kar in saya?

Malamin_Kimiyya:
Don buta da guga, kar ka saya. Da ma ka sa shi daren jiya, da ya mayar da bolt 230, kayan su ja cikakken amfiya 14 ta cikin wannan wayar, ta narke da wuri. Shi kansa kuma a bayansa yana jan fiye da haka daga bango: wat 3200 a bolt 190 kusan amfiya 17 ne. Kuɗin ka sa a ja maka soket biyu na bango da waya 2.5 ta jan ƙarfe na gaske, guga ɗaya buta ɗaya.

Firij_Dokta_Tafo:
Ban yarda a rufe maganar haka ba Malam. Tela ne fa. In yana da keken ɗinki mai inji, ko na saƙar gefe, waɗannan injina ne masu juyi, kuma in wutar unguwar na sauka 190 da gaske suna shan wahala. Ƙaramin sitabilaiza don kekuna kaɗai ba asara ba ne.

Malamin_Kimiyya:
Na yarda da wannan. Amma 190 ɗin misali ne aka kawo, ba wanda ya auna. A auna tukuna.

MastaWaya_Alabar:
Kuma wanda zai ja wayar ya zama mai lasisin Hukumar Makamashi, doka ce. Ka ce ya nuna maka katinsa. Garin nan mun ga gobarar kasuwa ba sau ɗaya ba sau biyu ba, ba wanda ke son ya sake gani.

Tela_Aboabo:
Salam jama'a. Jiya bayan Isha'i wani ɗan'uwa mai aikin wuta ya zo da mita. A soket na bango, ba a kunna komai ba sai fitila, bolt 214. Da muka jona butar ita kaɗai kai tsaye a bango, ya sauka 203. Muka kashe, ya koma 214. Ya ce wannan faɗuwar ta yi yawa amma bai faɗi dalili ba, yana sauri.

Dalibin_Tek:
Baba, wannan awon ya fi duk abin da muka tattauna amfani. A bolt 203 butar na jan amfiya 7.7. Bolt 11 ya ɓace a hanya. Raba 11 da 7.7, om 1.4 ke nan tsakanin soket ɗinka da inda wutar ta fito. Ninka 11 da 7.7, kusan wat 85 na zafi yana tashi a wani wuri da ba ka gani, da buta kaɗai. In ka haɗa da guga ya wuce 200. Daga ina aka ja wutar shagon?

Tela_Aboabo:
Daga mitar da ke zauren gidan, ta bi ta saman rufin ɗakuna. Zai kai taku arba'in. An ja ta tun kafin in karɓi shagon.

Dalibin_Tek:
In mita 30 ce kuma wayar 1.5 ce ta jan ƙarfe, zuwa da komowa om 0.7 ne. Rabin abin da muka gani ke nan. Saura rabin ko dai yana can waje a layin unguwa, wanda ba naka ba ne, ko wayar ta fi 1.5 siranta, ko akwai mahaɗa da ta saki a cikin rufi.

Sola_Asokore:
Ni na fi zargin wayar, irin ta ekstenshan ɗin ce aka ja. In alminiyam ce mai 1.5, ita kaɗai ta haura om 1.1.

MastaWaya_Alabar:
Ni kuma mahaɗa nake zargi, taku arba'in a saman rufi da wuya a ce waya ɗaya ce ba ƙari. Hanyar ganewa ɗaya ce: a auna a bakin mita lokacin da butar ke aiki. In can ma ya faɗi da 11, matsalar ta waje ce. In can bai motsa sosai ba, tana cikin rufinku. Kafin nan kar a haɗa guga da buta lokaci ɗaya, yara su dafa shayinsu a gawayi. Malam Tela, turo mini kwatancen shagon ta saƙo, gobe bayan La'asar ina da aiki a Aboabo, zan biyo da tsani.